Yadda muka zana taswirar tudun kawa a mahaɗar kogi da teku

Kafin mu taɓa kowace na'ura, sai da muka shafe yini guda a kan jadawalin kawowa da janyewar teku, domin a mahaɗar kogi da teku ruwa ne ke yanka wa mutum lokacin aiki. A yawancin gaɓoɓin duniya teku kan kawo sau biyu ya ja sau biyu a rana. Tsakanin wata cika da mai bi mata akwai sa'a 12 da minti 25, shi ya sa lokacin janyewa ke ƙara jinkiri da kusan minti 50 kowace rana. Janyewa mafi nisa kuwa sau biyu take zuwa a wata: wajen tsayuwar wata, da kuma kwana ɗaya ko biyu bayan daren sha huɗu. Waɗannan ranakun muka yi wa alama, muka sake tace su muka bar waɗanda janyewar ta faɗo da rana. 'Yan kwanaki kaɗan ne suka rage a kowane wata, kuma a kansu aka gina sauran shirin duka.

Ita kawa dabbar ruwa ce mai ɓawo biyu kamar ƙumba, tana son ruwan da gishirinsa ya sirka da na kogi. 'Ya'yanta kan yi mako biyu zuwa uku suna yawo a cikin ruwa, sannan su nemi abu mai tauri su manne, kuma ba abin da suka fi so kamar ɓawon wata kawar. Da haka tudu ke tashi shekara bayan shekara, masu rai a sama, ɓawon matattu a ƙasa. A nan wahalar aikin take. Ɓawo yana daɗewa bayan mai shi ta mutu, kuma kyamara da na'urar sona, mai gano abin da ke ƙasan ruwa da sauti, duk ɓawo suke gani. Tudun da ya mutu shekaru da yawa zai iya fitowa a hoto tamkar mai rai. Binciken da Michael Beck ya jagoranta, wanda ya fito a 2011, ya ƙiyasta cewa kashi 85 cikin 100 na tuddan kawa na duniya sun salwanta, don haka tambayar da masu neman taswira ke yi ita ce ina sauran masu rai suke.

Mun tsayar da rukunai kafin fita, tun da idan kowa ya shiga fili da nasa ma'aunin, ba za a iya haɗa bayanan ba. Rukunanmu bakwai ne: tudun kawa mai rai, tarin mataccen ɓawo, ɓawon da laka ta binne, shimfiɗar taɓo, yashi, ciyawar ƙarƙashin ruwa, sai fadamar gishiri. A ƙasashe masu zafi dajin mangurof, itatuwan da ke tsiro a bakin ruwan gishiri, ne ke zama a gurbin fadamar. Mun kuma yarda a kan inda tudu ke ƙarewa, muka bi ƙa'idar da masu aikin farfaɗo da kawa a Amurka suka fi amfani da ita: iyakar tudu ita ce layin da ɓawo, mai rai ko matacce, ya rufe aƙalla kashi 25 cikin 100 na ƙasa. Duk tsibin da bai kai murabba'in mita 10 ba, ɗigo muke sa masa, ba ma zana masa kewaye.

Hotunan tauraron ɗan adam na Sentinel-2 kyauta ne, kuma yana komowa kan wuri ɗaya duk kwana biyar, amma ɗigonsa ɗaya, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta a hoton, mita 10 ne a ƙasa. Ya isa a ga fadama da manyan shimfiɗun taɓo, ya isa a raba yankin gida-gida don tsara aiki. Tudun kawa mai faɗin mita huɗu kuwa narkewa yake yi a cikin ɗigo. Ban da haka, tauraron ba ya duba jadawalin teku kafin ya ɗauki hoto, sai mun bi hotunan ɗaya-ɗaya mun zaɓi waɗanda suka dace da janyewa kuma babu gajimare.

Maganar sifili

Wannan ne matakin da aka fi raina wa, kuma shi ya fi ɓata aiki. Tsayin da GPS ke bayarwa daga wani shafaffen siffar duniya na lissafi ake auna shi, wanda a wasu wurare ya bambanta da matsakaicin matakin teku da gomman mitoci. Jadawalin teku kuma nasa sifilin daban ne, daga ƙarshen janyewa yake farawa. Idan aka haɗa tsayin da jirgi marar matuƙi ya ba da da zurfin da sona ta ba da ba tare da an mayar da su kan sifili ɗaya ba, tudun da ke ƙarƙashin ruwa zai fito sama da fadama.

Abin da muka yi shi ne kafa tashar GPS ta RTK, wadda ke gyara wa na'urar da ake yawo da ita kuskurenta nan take, a kan alamar safiyo da aka san tsayinta. Da ita kuskuren wuri kan sauko zuwa santimita biyu ko uku, na tsayi ya ɗan ɗara haka. GPS na hannu ko na waya kuskurensa mita uku zuwa biyar ne, wato ya kai faɗin wasu tuddan da ake nema. Sannan muka ɗaure ma'aunin matsin ruwa a jikin turke a wurin da ba ya bushewa, yana rubuta matakin ruwa duk minti biyar, wani kuma a tudu yana auna matsin iska don a riƙa cirewa. Dole ne a yi haka, saboda jadawali hasashe ne. Canjin matsin iska na hektofaskal ɗaya (ma'aunin matsin iska ke nan) yana ɗaga ruwa ko saukar da shi da kusan santimita ɗaya, iska mai busowa daga teku kuma tana tare ruwa a cikin mahaɗa ta hana shi fita. Akwai ranar da jadawali ya ce tudu zai fito sarari, muka tarar da ruwa ya rufe rabinsa, dole aka ɗage tashin.

Inda ruwa ke janyewa: aikin jirgi marar matuƙi

Muna isa sa'a biyu kafin ƙarshen janyewa don shimfiɗa allunan alama. Kowane allo santimita 60 ne kowane gefe, an raba shi baƙi da fari yadda tsakiyarsa za ta fito sosai a hoto. A kowane fili mukan sa takwas zuwa goma, a kusurwoyi da tsakiya, wasu a kan tudu wasu a kwari, a auna tsakiyar kowanne da RTK. Uku ko huɗu daga ciki ba ma ba manhajar ɗinke hotuna su, ajiye su muke yi don gwada aikin daga baya. A kan taɓo allo kan nutse ko ya karkata bayan an auna shi, idan ruwa ya dawo kuma ya tafi da shi, don haka a kafe shi da turaku huɗu, a kuma nemi wuri mai ɗan tauri.

Kyamararmu mai megafiksel 20 ce. A tsayin mita 40 ɗigo ɗaya yana kama kusan santimita 1.1 na ƙasa, a mita 100 kuma kusan 2.7. Mun zaɓi mita 40 a kan tuddai, domin a nan ake iya ganin ko ɓawo a tsaye yake ko a kwance. A kan fadama mita 100 ta wadatar. Ƙasashe da yawa sun hana wuce mita 120, wuraren da tsuntsayen gaɓa ke sheƙa kuma sau da yawa sai da izini na musamman. Kowane hoto ya hau kan na gabansa da kashi 80, ya hau kan na layin gefe da kashi 70. Batir ɗaya minti 20 ne na aiki idan ba iska, mukan riƙe shida.

Lokacin da ake da shi gajere ne ƙwarai. Masu jiragen ruwa suna da wani lissafi na kashi goma sha biyu: a sa'ar farko bayan ruwa ya juyo, kashi ɗaya cikin 12 na tsayinsa yake kawowa, a ta biyu kashi biyu, a ta uku kashi uku. Idan tazarar cika da janyewa mita 1.8 ce, santimita 15 ke nan a sa'ar farko, 30 a ta biyu, 45 a ta uku. Santimita 15 kamar ba komai ba, amma a shimfiɗar da ke gangara da mita ɗaya cikin 500, ƙasa mai nisan mita 75 za ta shige ruwa. Saboda haka sa'a ɗaya kafin ƙarshen janyewa da sa'a ɗaya bayanta, nan ne aikin. Muna tsara layukan tashi su bi gaɓa, a ajiye mafi kusa da ruwa sai daidai ƙarshen janyewar.

Jiƙaƙƙen taɓo madubi ne. Idan rana na tsaka, ƙyallinta kan ƙone tsakiyar kowane hoto ya zama fari fat, manhaja ta rasa abin da za ta kama. Ranar da gajimare ya lulluɓe sama bai ɗaya ta fi kowace rana kyau. Mafi muni ita ce ranar da gajimare ke wucewa yana buɗewa, sai hoton da aka haɗa ya fito dabbare-dabbare, wani yanki duhu wani haske. Mukan kulle saurin buɗewar kyamara da daidaiton launi da hannu, kada ta riƙa canza su da kanta.

Da manhajar OpenDroneMap ko ta Agisoft Metashape ake ɗinke hotunan, a samu abu biyu: babban hoto ɗaya da ke zaune daidai kan taswira, da kuma siffar tsayi da kwarin ƙasa. Matsaloli biyu sun fi zuwa. Idan allunan alama sun taru a gefe ɗaya, siffar kan lanƙwashe kamar an kifa ƙwarya, tsakiya ta tashi gefuna su sauka. Ta biyu, duk abin da ke ƙarƙashin ruwa, ko da ana hango shi, zurfinsa ƙarya ne, domin haske kan karye idan ya shiga ruwa, sai ƙasa ta bayyana kusa fiye da yadda take. Saman ruwa mai motsi kuwa ƙaiƙayi kawai yake samarwa. Mukan yanke siffar a bakin ruwa mu zubar da sauran.

Inda ruwa ba ya janyewa: sona da gora

Ruwan mahaɗa yawanci a dagule yake. Mun saukar da faifan Secchi, wani farin faifai da ake zura wa igiya har sai ya ɓace wa ido, a wurare da yawa bai kai mita ɗaya ba ya ɓace. A irin wannan ruwa kyamara daga sama ba ta da amfani, hasken lesa mai kore da ake auna zurfi da shi daga jirgin sama ma ba ya nisa. Sai sauti.

Mun yi amfani da sona mai duban gefe, wadda ke harba sauti dama da hagu ta saurari amsa-kuwwar. Ƙasa mai tauri da kaushi tana mayar da sauti da ƙarfi, laka mai laushi tana shanye shi. Sona mai kilohaz 455 (ma'aunin saurin girgizar sauti) tana kai nisa, ta 800 zuwa sama ta fi fito da ƙananan abubuwa amma ba ta nisa. Ƙa'idar da aka saba ita ce tsayin na'urar daga ƙasan ruwa ya zama kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na nisan da ake so ta gani. A ruwa mai zurfin mita uku, na'urar na rabin mita ƙasa da saman ruwa, kada a sa ran abin kirki bayan mita 25 kowane gefe. A ruwa marar zurfi ba a jan ta da igiya, sandar ƙarfe muka ɗaure a gefen kwale-kwale, muka sa eriyar GPS a kan sandar daidai saman na'urar, don kada a sha wahalar lissafin tazara tsakaninsu.

Sona ba ta ganin abin da ke ƙarƙashinta kai tsaye da kyau, don haka tazarar layuka mita 20 muka sa, kowane layi ya rufe makantar na kusa da shi. Gudu kilomita shida zuwa bakwai cikin sa'a, a miƙe. Da an karya kwana hoton ya miƙe a gefe ɗaya ya cukurkuɗe a ɗayan, sai a dakatar da ɗauka har a daidaita. Kumfar injin wani jirgi da ya wuce tana toshe sauti gaba ɗaya na ɗan lokaci. Inda ruwan kogi ke kwance a kan ruwan gishiri kuwa, sauti kan lanƙwashe a mahaɗarsu, ƙarshen hoton ya fito da wasu layuka masu kama da tudun yashi alhali ba komai a wurin. Gudun sauti a ruwan teku kusan mita 1,500 ne cikin daƙiƙa, kuma yana canzawa da zafi da gishiri, shi ya sa muke auna su safe da yamma. Aikin sona a kusa da cikar ruwa ake yin sa, kishiyar lokacin jirgi marar matuƙi, kuma da gangan muke barin layukan sona su hau kan gefen da kyamara ta riga ta ɗauka, don a sami wurin gwada juna.

Inuwa ce ke ba da tsayin tudu. A ninka tsawon inuwar da tsayin na'urar daga ƙasa, a raba da nisan ƙarshen inuwar. Inuwa mai mita 4, na'ura a mita 2.5, ƙarshen inuwa a mita 20: tudun ya kai rabin mita.

Sai dai fa duk abu mai tauri haske yake fitowa a allon. Tsakuwa, farfasasshen ɓawo, wasu irin ƙumba, gidajen tsutsar ruwa, tarkacen gini, duk kamarsu ɗaya. A nan muka koma wa tsohuwar hanya. Masu safiyon farko na Mashigin Chesapeake da ke Amurka, tun daga aikin Francis Winslow na 1878 har zuwa safiyon Yates a Maryland daga 1906 zuwa 1912, da taɓa ƙasan ruwa suka yi aikinsu, har da jan sarƙa a bayan jirgi ana jin girgizarta. Mu gora muka riƙe mai tsawon mita biyar da ƙarfe a bakinta. A laka gora kan lume shiru. A yashi takan tsaya cak. A kan ɓawo za a ji ƙaras-ƙaras har a tafin hannu. Wani lokaci kuma ta lume taƙi guda cikin laushi sannan ta ci karo da ɓawo: binnannen tudu ke nan, wanda sona mai duban gefe ba ta nuna shi sam. A ganinmu, wanda aka ce ya zaɓi ɗaya tsakanin ƙarin yini na sona da yinin gora, ya ɗauki gora.

Ƙirga masu rai

Firam muka haɗa da bututun roba, santimita 50 kowane gefe, wato rubu'in murabba'in mita, aka huda shi don ya nutse. Kwamfuta ce ke zaɓar inda za a ajiye shi, domin idan aka bar wa mutum, ƙafarsa wurin da ya fi cika take kai shi, ko wurin da ya fi sauƙin taka wa. Mukan rarraba wuraren tsakanin ƙoƙon tudu, gangarensa da gindinsa.

A ɗauki hoton firam daga sama kafin a taɓa komai. Sannan a kwashe duk abin da ke ciki har zurfin santimita 10 zuwa 15, ko har a iske baƙin ɓawo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke nuna iska ba ta kai nan, ba kuma mai rai a ƙasa da shi. A wanke a rariya. Mai rai a rufe take gam, ga nauyi. Wadda ɓawonta biyu ke haɗe amma a buɗe ba nama, matacciya ce, kuma daban ake ƙirga ta. Idan cikinta fes yake ba abin da ya manne, kwanan nan ta mutu, idan suka yi yawa kuma alama ce ta cuta, ko ambaliyar da ta rage gishiri na dogon lokaci, ko ƙarancin iska a ruwa. Kowace mai rai ana auna ta daga gindin ɓawo zuwa bakinsa da milimita. Ƙananan da ba su kai milimita 25 ba su ne aka fi tsallakewa, don suna lafe a jikin manya suna kama da ƙuraje. Su ne kuwa shaidar cewa tudun na haihuwa. Tudun da duk kawarsa manya ne ba ƙanana, yana kan hanyar mutuwa ko da yau a cike yake. Yawan ɓawo kuma a bokiti mai ma'auni ake gane shi, a ga lita nawa ruwa ya tashi. Bayan an gama a mayar da komai raminsa.

Lissafin mai sauƙi ne, a ninka da huɗu. Kawa 14 a firam, 56 ke nan a murabba'in mita. Don a sami abin kwatance, ma'aunin da aka tsayar a 2011 don aikin farfaɗowa a Chesapeake ya sa mafi ƙarancin nasara a kawa 15 a murabba'in mita, abin buri kuma 50, a kan aƙalla kashi 30 cikin 100 na tudun, tare da a sami masu shekaru daban-daban. A wurare masu zurfi, masu nutso ko wani babban awartaki na ƙarfe da ake saukarwa daga jirgi ke maye gurbin hannu.

Bakin ɓawon kawa reza ne. Safar hannu mai kauri da takalmi mai taurin tafi dole ne, duk yankan da aka samu kuma a wanke shi nan take da ruwa mai tsabta da sabulu. A ruwan gishiri mai ɗumi akwai ƙwayar cutar Vibrio vulnificus da ke shiga ta rauni, tana iya yin kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman ga mai ciwon hanta. Rauni ya kumbura ya yi ja yana yaɗuwa, asibiti kawai.

A kan tebur

A manhajar taswira ta QGIS muka jera komai: hoto, siffar tsayi, hoton sona, wuraren gora da na firam. Sai da ido ya saba kafin aikin ya yi sauri. Tudu mai rai duhu-duhu ne, ruwan toka ko ruwan ƙasa, da kaushi, saboda kawa mai rai a tsaye take tana nuna baki sama. Mataccen ɓawon da igiyar ruwa ta tara fari ne tas, a kwance, sau da yawa ya fi masu rai tsayi, yana bin gefen hanyar jirage. Launi kaɗai yana yaudara: koren gansakuka kan rufe tudu a wani lokaci na shekara ya mayar da shi kamar ciyawar ruwa, siririyar laka kuma ta mayar da shi kamar taɓo. Da muka ƙara wa manhajar rarrabewa bayanin kaushi da tsayi, ruɗanin ya ragu sosai. Duk da haka mun bi iyakar kowane tudu da hannu, a ma'aunin zuƙowa ɗaya daga farko har ƙarshe, domin wanda ya zuƙo sosai zai zana iyaka mai lanƙwasa da yawa, faɗin da zai samu ya bambanta da na abokin aikinsa.

Gwajin inganci da wuraren da ba a yi amfani da su wajen koya wa manhaja ba ake yin sa, kuma abin da aka saba nema shi ne wurare 50 ga kowane rukuni. Adadi ɗaya na jimilla yana ɓoye aibi, tun da taɓo da yashi su suka fi yawa kuma su suka fi sauƙin ganewa. Tambaya biyu ake yi wa rukunin tudu mai rai. Cikin wurare 50 da taswira ta ce mai rai ne, nawa aka tarar haka? Idan 38 ne, kashi 76 ke nan, sauran 12 kuma a duba da me aka rikita su. Sannan cikin tuddai masu rai da aka taka da ƙafa, nawa taswira ta kama? Taswira na iya cin ɗaya ta faɗi ɗaya.

A jikin kowane yanki da muka zana akwai bayanin ranar ɗauka, matakin ruwa a lokacin, na'urar da ta gan shi, da matsayin tabbaci iri uku: an taɓa an ƙirga, an taɓa da gora kawai, ko daga hoto aka gane. Yankunan da sona ba ta iya shiga ba saboda rashin zurfi, kyamara kuma ba ta gani ba saboda ruwa bai janye ba, mun ba su launinsu daban da sunan ba a duba ba. Wannan zirin kan bi gaɓa tsakanin ƙarshen janyewa da zurfin mita ɗaya, kuma kawa na son sa. Shi muka sa farko a jerin zagaye na gaba, da gora da ƙaramin kwale-kwale marar inji, a wata ɗaya da na bana don gansakuka da ciyawar ruwa su kasance a yanayi ɗaya.